Furen da Ya Ƙi Tsayawa a Hannuna

Litinin, 1 ga Satumba

Direban shago bai zo ba, wai ciwon haƙori. Madam, mai shagon kek ɗin, ta ce in je ɗakin taron nan in kwaso mana ƙarafan da muka ɗora kek ɗin jiya a kai. Da na sani da ni ma na ce haƙori.

Na tarar ba a gama share wurin ba. Farantai birjik a kan tebura, kowanne da tulin aisin, haɗin zaƙin nan da ake shafa wa kek a jiki, a gefe. An cinye kek ɗin tas, an kankare aisin an ture. Furannina na aisin ke nan, waɗanda na yini ranar Asabar ina matsawa har wuyana ya ƙage. Wani ɗan albarka ma ya kashe sigari a cikin guda. Wata mata mai shara tana bi da bokiti tana juyewa, ni kuma na tsaya ina kallonta kamar sakarya. Ta ɗago ta ce, "Anti, ko za ki ɗiba wa yara? Ni dai ko kyauta ba na so, zaƙin nan har cikin kai." Ba ta san ni ba. Na ce mata a'a, na gode.

Shekara ashirin da wani abu ina tsaye a teburin kwalliya na shagon nan. Sunana ma ya ɓace, kowa sai Mai Fure. Ban taɓa bin kek na ga inda yake ƙarewa ba. Ni dai a sa a kwali, a ce kai ya yi kyau, a ɗauki hoto. Ashe bokiti nake yi wa aiki.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na tsare maigidan, na ce tsakaninsa da Allah, in na kawo ragowar kek yana cin aisin ɗin? Ya fara kame-kame, wai ai yana da kyau. Na ce ba kyau na tambaye ka ba. Sai ya yi 'yar dariya ya ce yakan naɗe a takarda ya jefar in na shiga kicin, don kada raina ya ɓaci. Na ce tun yaushe? "Tun farko." Mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya. Na juya masa baya har ya tafi shagon ɗinkinsa.

A wurin aiki na ɗebi cokali guda na sa a baki, na bar shi ya narke kamar ban san shi ba. Gaskiyarsu ce. Bota kaɗan, garin sukari tuli, shi ke nan abin da muke kira aisin. Har haƙorina sai da ya amsa. Amma sukarin nan shi ke riƙe da komai, shi ke sa fure ya tsaya da kunnuwansa a miƙe. In ka cire shi me ya rage?

Asabar, 6 ga Satumba

Na rage sukarin rabi. A baki da daɗi. Furen kuwa ya zauna ragwaf kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Laraba, 10 ga Satumba

Garin sitaci a maimakon sukari: ya tsaya, amma kamar kana tauna alli.

Farin man nan na gwangwani: ya tsaya ƙyam, ya kuma lulluɓe min baki har la'asar, sai ka ce na ci kyandir. Na gwada farin ƙwai, ƙarni ya kore ni. Duk a kicin ɗina nake yi da sassafe kafin in fita, da botata. Maigidan ya leƙo ya ga kwanukan da na ɓata, ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe.

Yau ma na tashi zanen gado a jiƙe da gumi. Fankar nan ta mutu ne ba a gaya mata ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Jiya Dogo, mai kula mana da oben, ya kama ni ina lasar cokali ina tsaki. Ya ce wani tsohon kuku a otal ɗin da ya fara aiki yana dafa madara da fulawa, ya bari ta huce, ya buga da bota. Na ce fulawa a aisin? Ka ji Dogo da ƙarya da rana tsaka. Ya ce wallahi da idonsa ya gani, awon ne kawai bai riƙe ba. Dogo bai taɓa riƙe komai ba in ba lokacin tashi ba.

Na gwada yau. Madara, fulawa, sukari ɗan kaɗan, a wuta maras ƙarfi, ina juyawa har ta yi kauri kamar sitacin guga. Gajen haƙuri ya sa na zuba a bota da sauran ɗuminta. Na samu miya.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau kuma gudaji ta yi. Dole a dama fulawar da sukarin a bushe tukuna, sannan a zuba madara a hankali. In an sauke a tace, a shimfiɗa leda a kan fuskarta don kada ta yi fata. Ta huce sarai, ba ta huce-huce ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Ya yi.

Ban san yadda zan rubuta ba. Na buga botar ita kaɗai har ta yi fari, na riƙa zuba dafaffiyar madarar cokali-cokali, da ɗan gishiri a bakin yatsa. Da farko ya tsinke, na ci gaba da bugawa don haushi. Sai kawai ya haɗe. Santsi, ba nauyi, ba wannan tsakin sukarin a haƙori. Na ɗura a leda, na sa bakin ƙarfe na fure, na matsa guda uku a kan faranti. Suka tsaya. Kunnuwansu sun fi na da siriri, har haske yana ratsawa.

Na miƙa wa maigidan farantin. Ya ci ɗaya yana kallona a tsorace, ya ci na biyu, ya sa yatsa ya lashe farantin. Na shiga banɗaki na yi kuka. Ni da kaina ban san kukan me ba ne.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na kai wa Madam. Ta sa tabarau kamar da ido za ta ɗanɗana. Ta ci, ta ƙara ci, ta ce, "Mai Fure, ina kika ɓoye wannan duk shekarun nan?" Ta kira Dogo, ta kira Shiru-shiru daga kantar sayarwa. Dogo ya hau bugun ƙirji wai nasa ne. Shiru-shiru, wadda ke naɗe kwali tana sallamar masu saye, shekararta biyar tare da mu ban tara maganarta ta cika cokali ba, ta ci ta gyaɗa kai ta koma. A wurinta wannan guɗa ce.

Madam ta ce a gwada a ƙananan kek da muke jerawa a akwatin gilashi a ga bakin mutane.

Ina cikin jin daɗi wani zafi ya taso min daga ƙirji, ya hau wuya, ya cika fuska. Na ɗauka murna ce.

Talata, 30 ga Satumba

Kafin azahar gilashi ya zama wayam. Wata mata ta dawo ta sayi na biyu a tsaye, ta ce yau ta fara cin kek har da rigarsa. Madam ta ce daga wata mai kamawa duk odar da ta shigo da sabon za a yi, ta ma rage sayen garin sukari.

Na daɗe ban taka ƙasa da ƙarfi irin na yau ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Kek mai hawa biyu, fure zagaye da gindi. Na farkon sun fito yadda nake so. Ina tsakiya zafin nan ya sake tasowa, gumi har cikin ido. Na ji ledar ta yi laushi a tafin hannuna. Furen da ya biyo baya ya fito da ƙyalli kamar an shafa masa mai, na bayansa ya kwanta, na bayan wannan ya zubo. Na kankare, na sa ledar a firij, na tsaya gaban fanka. Na gama dai, amma aikin awa ɗaya ya ci min rabin yini.

A gida guda uku nake matsawa, da sanyin safiya. Ban taɓa riƙe ledar ta daɗe a hannuna ba. Tsohon aisin ko a wuta ka riƙe shi babu ruwansa, sukari ne. Wannan kuwa bota ce zalla take riƙe da kanta.

Na dafa tafin hannuna a kan teburin ƙarfe, na ɗaga, sai da ya bar shaida.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je wurin Yaya. Ina fara ba ta labari ta katse ni, ta ce rabona da al'ada fa? Na ce an ɗan jima. Ta ce jimawa nawa? Na hau ƙirga watanni da yatsu. Ta tuntsire da dariya har da tafi. "Ke dai kin shigo layinmu, sannu da zuwa." Wai ita ta yi shekaru tana yawo da mafici a jaka, har yaranta suna mata waƙa.

Ita tana da yaran da za su yi mata waƙa. Ni da ban taɓa ko ɓari ba, ban san me ya sa abin ya dame ni haka ba. Ai na daɗe da cire rai. Na ɗauka na cire. Watannin nan da ba ta zo ba, akwai wata wawuyar a cikina da ta riƙa lissafi a ɓoye, ko maigidan ban gaya wa ba. Yau an sallame ta.

Na biya asibiti a hanya. Nas ɗin, yarinya ce da na isa haifa, ta ce min Mama ba ciwo ba ne, lokacin ɗaukewar al'ada ne. Na ce yaushe zai wuce? Ta ce wasu shekara biyu, wasu goma. Ta ce in rage shayi, in sa kaya marasa nauyi. Ban gaya mata maganar bota ba, ta ina zan fara.

Asabar, 11 ga Oktoba

Dabara: kwano da ƙanƙara a gefen tebur. In tsoma hannu, in goge, in matsa fure biyar, in sake tsomawa. Leda biyu, ɗaya a hannu ɗaya a firij. Na naɗe ledar da tsumma ma, sai dai ba na jin aisin ɗin ta cikin tsumma, kamar mutum ya yi ɗinki da safar hannu.

Ƙanƙarar tana aiki, amma yatsuna suna mutuwa. Layin da nake ja ido rufe yau ya fito yana rawa. Da yamma gaɓoɓin suka hau zugi, ko murfin kwalba na kasa buɗewa.

Dogo ya ga kwanon ya ce ko kifi zan fara sayarwa. Na yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da burodi a wuta.

Talata, 14 ga Oktoba

Zafin ya zo sau huɗu yau. Ba ya sallama, ba ya jiran in ajiye leda.

Litinin, 20 ga Oktoba

Zan rubuta don babu mai karantawa. Tun ranar Alhamis nake zuba garin sukari a kwanon da nake yin fure da shi. Jikin kek ɗin sabon aisin ne, furannin kuwa tsohon ne ya sa sabuwar riga. Ina yi da safe kafin kowa ya iso, daga ragowar buhun da na jawo daga sito. Suna tsayawa ƙyam, ko zafin ya taso ko bai taso ba. Hannuna ya huta da ƙanƙara.

Na ce wa kaina fure nawa ne a kek, wa zai lura. Na san wa zai lura. Duk wanda ya sa a baki.

Shiru-shiru ta shigo ɗaukar kwali ta same ni da kofi a cikin buhu. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta ɗauki kwalinta ta fita. Da ma zagina ta yi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Wata mai saye ta yi waya, wai an ce mata an daina zaƙin nan, ga shi yaranta sun tsince furannin sun zubar. Ina jin Madam tana ba ta haƙuri. Ta ajiye waya ta zo teburina, ta zare fure guda daga kan tire ta sa a baki. Tana taunawa tana kallona. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma don abin ya cika, nan take zafin ya taso, na tsaya gabanta gumi yana ɗiga daga haɓata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta riƙe. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, ta san abin. Ta ce, "Me ya hana ki gaya min?" Na ce ba komai. Ta ce a mayar da buhun sito.

Na fi son faɗa. Faɗa na san yadda ake amsa shi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban fita ba. Maigidan ya ce in bar aikin mana in huta, ɗinkin zai riƙe mu. Na ce in huta in yi me, in zauna ina kallon bango? Ya ce ba haka yake nufi ba. Na san ba haka yake nufi ba. Na dai fasa masa kofi.

Abin da ke cina shi ne ni na kawo sabon aisin ɗin nan. Babu wanda ya aike ni. Da na bar bokitin matar nan ya wuce, da yanzu ina teburina lafiya lau ina matsa dutse mai kala, ana ɗaukar hoto.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau ce ranar da nake tsoro. Kek mai hawa uku na wani kamfani, fari sol, fure daga sama yana gangarowa har ƙasa, mota za ta zo da la'asar. Na yi komai yadda ya kamata: ƙanƙara, leda biyu, fanka a kaina. Rabin farko lafiya. Daga nan abin ya zo, kafin ya sauka wani ya hau kansa. Ƙanƙarar ta zama ruwa. Na matsa fure ya zube, na kankare, na sake ya zube, na kankare har jikin kek ɗin ya fara nunawa. Yatsuna sun sandare, tafin yana wuta, hannu ɗaya amma rabinsa gawa rabinsa garwashi. Na ga agogo. Na ajiye ledar na ce Madam ba zan iya ba.

Ban taɓa faɗin wannan maganar a shagon nan ba.

Madam ba ta iya fure ba, ita lissafi da baki ta iya. Dogo hannunsa kamar faranti. Sai ta juya ta ƙwala wa Shiru-shiru kira. Ta zo tana goge hannu a riga. Na miƙa mata ledar, yatsunmu suka haɗu, na ji hannunta kamar ƙarfen famfo da asuba. Haka Allah ya yi ta. Shekara biyar wannan hannun yana naɗe kwali a bayana.

Na tsaya a kafaɗarta ina faɗa. Karkata bakin. Matsa, saki, juya. Ba haka ba, ke! Saki kafin ki ɗaga. Furanninta munana ne, kamar kabeji, wasu sun karkace. Amma ko ɗaya bai zube ba. Ledar ta yi kusan awa a hannunta, aisin ɗin yana nan yadda ya fito daga kwano. Na riƙa ɗauko su da bakin almakashi ina jerawa a jikin kek, na ɓoye munanan a baya, na cike da ganye. Motar ta zo ta ɗauka.

Dogo ya yi tafi. Shi kaɗai. Da ya ga babu mai taya shi ya daina.

Talata, 4 ga Nuwamba

Madam ta ce kafin a san abin yi, in riƙa dafa madarar ina buga aisin, Shiru-shiru ta riƙa matsawa ina nuna mata. "Na ɗan lokaci." An samo wata ta tsaya kanta.

Wurin murhu yana bayan shago, kusa da oben ɗin Dogo, babu taga. Mai fama da zafi aka kai gindin wuta. In na ɗaga kai ina hango teburina ta ƙofa, da bayan wata a gabansa. Ta sauya wa faifan da ake juya kek a kai wuri, ta mai da shi hagu. Baƙin ciki kamar ya kashe ni a kan faifai.

Tana koyo da sauri, abin haushin ke nan. Ba ta musu, ba ta dariya, in na daka mata tsawa sai ta ce "To, Anti" ta sake. Yau na yi mata tsawar da ba ta ci ba, a kan ganye. Ganyen lafiyarsa ƙalau.

Wani ya shigo yana tambayar Mai Fure, sabuwar yarinyar kanta ta nuna masa teburin.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Bayan an tashi Madam ta ce in tsaya. Ta rufe ƙofar ofis, ta cire tabarau. Ta ce ta ga yadda nake tafiya a shagon nan kamar baƙuwa, kuma ba ta jin daɗi. Ta ce tare muka fara, lokacin oben ɗaya ne da tebur mai ƙafa uku, ba za ta manta ba. "In kina son teburinki, mu koma tsohon aisin. Shekara ashirin muna sayar da shi ba mu mutu ba. Masu ƙorafi su yi, za su saba. Shiru-shiru ta koma kanta."

Na ce sabon fa? Ta ce ba za ta yi biyu ba, ta ga abin da biyu ya jawo. Ko wannan ko wancan, kuma ni ta bar wa zaɓi. Mai kawo kaya zai zo ranar Litinin, kafin nan in yi tunani.

Na san abin da zai ci mata. Odar ta ƙaru tun da aka sauya, ba ta faɗa ba amma ina da ido. Duk da haka ta miƙo min. Na ɗauki jakata na fito.

Ina son teburina. Bari in rubuta shi ƙarara. Ina son shi fiye da yadda ya kamata babbar mace ta so katako da ƙarfe. Ban haifa ba, ban gina ba, ban je ko'ina ba. Abin da na iya ke nan a duniya, in matsa leda fure ya fito.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yaya ta ce in karɓa mana, wa ke ƙin abinsa. Maigidan ya ce duk wanda na zaɓa daidai ne, wato ya gudu.

Yau madarar ta fito fiye da kullum. Na gano in an ɗan ƙara mata lokaci a wuta bayan ta yi kauri, ɗanyen ƙamshin fulawar nan yana tafiya gaba ɗaya. Babu wanda ya lura. Shiru-shiru ce kawai ta lashi bayan cokali, ta tsaya, ta waiwayo ta ƙofa ta kalle ni.

Furenta na yau guda biyu sun yi. Ban gaya mata ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na riga kowa zuwa. Na tsaya gaban teburin na ɗan jima, na mai da faifan dama, inda yake tun asali. Na goge ƙarfen duk da a goge yake. Sai na tuna akwai oda uku yau kuma madara tana son lokaci kafin ta huce, na wuce baya na kunna wuta.

Ina cikin juyawa mai kawo kaya ya iso. Na ji muryarsa a waje, na ji takun Madam. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce, "Mai Fure, garin sukari buhu nawa za a sauke?" Da, goma muke saukewa. Madarar ta fara kauri, lokacin da in ka ɗauke ido take kamawa. Ban juyo ba. Na ce ɗaya ya isa, na yayyafi a kan burodi. A ƙara bota.

Sannan na ji ta tafi.

Da Shiru-shiru ta zo ta tarar da faifan a dama, ta tsaya tana kallonsa, hannu a rigar aiki. Na ɗaga murya daga baya na ce ta mai da shi inda ya fi mata, ta daina tsayuwa kamar gunki, aiki na jira.

Zafin ya zo sau uku. A gindin murhu ba a gane mai gumi, kowa yana yi.

Ban yanke shawara ba. Ni ban ce wa kowa na bar teburina ba. Sukari kawai aka tambaye ni.